Tallan yaƙin neman zaɓe a talabijin a Amurka (1950–1964)

Tallan yaƙin neman zaɓe a talabijin shi ne saƙon da ɗan takara, ko jam'iyyarsa, ko wata ƙungiyar magoya bayansa ke biyan kuɗi a nuna a gidan talabijin domin neman ƙuri'a. Wannan salo ya samo asali ne a ƙasar Amurka a farkon shekarun 1950, ya kuma kafu a zaɓen shugaban ƙasa na 1952 tsakanin Dwight D. Eisenhower na jam'iyyar Republican da Adlai Stevenson na jam'iyyar Democrat. Daga wancan zaɓe zuwa na 1964, 'yan takara sun sauya daga sayen rabin sa'a domin gabatar da jawabi zuwa sayen daƙiƙa 20 ko minti ɗaya a tsakanin shirye-shiryen nishaɗi. Sauyin ya shigo da kamfanonin talla cikin siyasa, ya ƙara tsadar takara, ya kuma haifar da muhawara kan ko ya dace a tallata ɗan takara kamar yadda ake tallata haja.

Asali

Kafin zuwan talabijin, hanyoyin da 'yan takara a Amurka suka dogara da su su ne taron gangami, jaridu, takardun bango da rediyo. A zaɓen 1948 Shugaba Harry S. Truman ya ratsa ƙasar a jirgin ƙasa yana tsayawa gari-gari yana yi wa jama'a jawabi. A wannan shekarar an nuna manyan tarukan jam'iyyu da aka yi a birnin Philadelphia a talabijin, amma gidajen da ke da akwatin talabijin ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma galibinsu suna biranen gabashin ƙasar ne.

Cikin 'yan shekaru lamarin ya canza. A 1950 kusan kashi 9 cikin ɗari na gidajen Amurka suna da talabijin, a 1952 sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku, a 1960 kuwa sun doshi kashi 90 cikin ɗari. A ranar 4 ga Satumba 1951 aka fara watsa shiri kai tsaye daga gaɓar yammacin ƙasar zuwa ta gabas, lokacin da Truman ya yi jawabin buɗe taron yarjejeniyar zaman lafiya da Japan a San Francisco. A watan Afrilu na 1952 kuma hukumar kula da sadarwa ta tarayya, wato FCC, ta ɗage dakatarwar da ta yi wa bayar da lasisin sababbin tashoshi tun 1948.

Gwajin farko ya zo ne a zaɓukan jihohi na 1950. Sanata William Benton na jihar Connecticut, wanda yana ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin talla na Benton & Bowles, ya shirya gajerun fina-finai na neman ƙuri'a aka nuna su a talabijin, kuma ana yawan ambaton su a matsayin na farko a irinsu. A wannan shekarar Gwamna Thomas E. Dewey na New York ya zauna a ɗakin watsa shirye-shirye yana amsa tambayoyin da mutane ke yi masa daga kan titi.

Dokar da ta ba da dama

Gidajen rediyo da talabijin na Amurka na 'yan kasuwa ne, da kuɗin talla suke rayuwa, kuma doka ba ta hana su sayar wa 'yan siyasa lokaci ba. Sashe na 315 na Dokar Sadarwa ta 1934 ya tanadi cewa idan tasha ta ba wani ɗan takara damar amfani da ita, wajibi ne ta ba abokan takararsa dama iri ɗaya. Idan sayar masa da lokacin ta yi, su ma sai ta sayar musu a kan sharaɗi ɗaya. Sashen ya kuma hana tasha tace abin da ɗan takara zai faɗa. A 1959 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ta shafi tashar WDAY ta jihar North Dakota, ta yanke cewa tun da tasha ba ta da ikon tacewa, ba za a kama ta da laifin ɓata suna ba saboda kalaman ɗan takara. A aikace, dokar ta daidaita farashi da dama ne kawai. Yawan lokacin da kowa zai samu ya danganta da ƙarfin aljihunsa.

Zaɓen 1952

Tallan "Eisenhower Answers America"

Wanda ya tsara wa Eisenhower gajerun tallace-tallacensa shi ne Rosser Reeves na kamfanin talla na Ted Bates da ke New York, mutumin da ya yi suna wajen tallan maganin ciwon kai na Anacin da alewar M&M's. Aƙidarsa ita ce a zaɓi magana ɗaya tak game da haja, a yi ta maimaita ta har ta zauna a kan mai sauraro. Da ya duba jawaban Eisenhower, sai ya ga batutuwan da ke cikinsu sun yi yawa, mai sauraro ba ya tashi da ko ɗaya. Bayan tuntuɓar George Gallup, masanin ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, aka tsayar da batutuwa uku: yaƙin Koriya, cin hanci a gwamnati, da tsadar rayuwa tare da nauyin haraji.

Dabarar Reeves ta biyu ta shafi lokacin nunawa. Jam'iyyar da ta sayi rabin sa'a sai an ɗage shirin da aka saba nunawa a lokacin, ta biya kuɗi mai yawa, sannan ta ɓata wa masu kallo rai. Talla mai daƙiƙa 20 kuwa ana saka shi ne a tsakanin shirye-shirye biyu masu farin jini, ya riski miliyoyin mutanen da wasu suka kashe kuɗi suka tara, ciki har da waɗanda ba za su taɓa zama sauraron jawabin siyasa ba.

An ɗauki hoton Eisenhower a rana ɗaya, 11 ga Satumba 1952, a ɗakin ɗaukar fim na Transfilm da ke Manhattan, inda ya karanta amsoshi kusan 40. An so ya fito ba tare da tabarau ba, don haka aka rubuta masa kalaman da manyan haruffa a kan alluna. An ruwaito cewa a tsakiyar aikin ya nuna takaicin cewa tsohon soja irinsa ne yau ya koma yin wannan. Masu tambayar kuwa daga baya aka samo su, cikin baƙin da suka zo yawon buɗe ido a kusa da zauren Radio City Music Hall. Aka ba su tambayoyin da suka dace da amsoshin da aka riga aka ɗauka, aka haɗa hotunan biyu. A cikin tallan, mai tambaya yana ɗaga kai sama, Eisenhower kuma yana dubansa daga sama yana amsawa a taƙaice. A ɗaya daga ciki, wata mata ta koka kan tsadar kaya, shi kuma ya amsa cewa matarsa Mamie ma tana yi masa wannan ƙorafi, shi ya sa lokacin canji ya yi.

Ƙungiyar Citizens for Eisenhower ce ta ɗauki nauyin shirin. Tsarin farko ya tanadi kashe dala miliyan 2 a makonni uku na ƙarshe, tare da mai da hankali kan jihohin da takara ta yi zafi. Da takardar tsarin ta faɗa hannun 'yan Democrat, George Ball na ƙungiyar 'yan sa-kai ta Stevenson ya kai ƙara ga hukumar FCC, yana zargin cewa ana shirin tallata ɗan takara kamar sabulu ko man goge baki. Hukumar ba ta dakatar da tallan ba.

Ban da waɗannan, an nuna wani talla na zane mai motsi mai tsawon minti ɗaya, "Ike for President", wanda ma'aikatan kamfanin Disney suka shirya bisa ƙoƙarin matuƙiyar jirgin sama Jacqueline Cochran. A ciki ana ganin jerin gwanon jama'a da giwa, alamar jam'iyyar Republican, tana kaɗa ganga. Ba a tattauna wata manufa ba. Sunan ɗan takarar kawai ake nanatawa cikin waƙa.

Ɓangaren Stevenson

Stevenson, gwamnan jihar Illinois, mutum ne da aka sani da iya tsara jawabi, kuma yana ganin gajeren talla raini ne ga hankalin masu zaɓe. Kwamitin yaƙin neman zaɓensa ya sayi rabin sa'a har sau 18, a ranakun Talata da Alhamis da ƙarfe 10:30 na dare, saboda lokacin ya fi sauƙin kuɗi. Masu kallo a wannan lokaci ba su da yawa, kuma akasarinsu dama magoya bayansa ne. Sau da dama bai kammala jawabin ba lokaci ya cika, tasha ta katse shi. 'Yan Democrat sun yi wasu gajerun tallace-tallace na waƙa da na zane, ciki har da wanda ke nuna Eisenhower a matsayin ɗan amshin shatan Sanata Robert Taft, jagoran masu ra'ayin riƙau na Republican, amma Stevenson da kansa bai fito a cikinsu ba.

Jawabin "Checkers"

Shirin da aka fi kallo a cikin waɗanda aka saya a zaɓen shi ne na Sanata Richard Nixon, mataimakin Eisenhower a takara. Jaridu sun bankaɗo wani asusu na kimanin dala 18,000 da wasu attajiran California suka tara masa, har ana kira a cire shi daga takarar. A ranar 23 ga Satumba 1952 jam'iyyarsa ta biya kimanin dala 75,000 ta saya masa rabin sa'a. Daga Los Angeles ya yi bayanin dukiyarsa da bashin da ke kansa, ya ce akwai kyauta ɗaya da ba zai mayar ba, wato wani kare mai suna Checkers da aka ba 'ya'yansa. An ƙiyasta mutum miliyan 60 ne suka kalla ko suka saurara. Saƙonnin goyon baya suka yi ta kwarara zuwa ofishin jam'iyyar, Eisenhower kuma ya bar shi a takarar.

Sakamako

A zaɓen 4 ga Nuwamba 1952 Eisenhower ya samu ƙuri'un wakilan masu zaɓe 442, Stevenson ya samu 89. Eisenhower ya ci jihohi 39 da kusan kashi 55 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a. Masana tarihi ba sa jingina nasarar ga talla kaɗai. Eisenhower shi ne kwamandan rundunar ƙawance a Yammacin Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, jam'iyyar Democrat ta shekara 20 a kan mulki, kuma alkawarin da ya yi a Detroit a ranar 24 ga Oktoba cewa zai je Koriya da kansa ya yi tasiri. Wani bincike da Herbert A. Simon da Frederick Stern suka buga a 1955 ya kwatanta yankunan jihar Iowa da talabijin ta kai da waɗanda ba ta kai ba, bai kuma samu wani bambanci na a zo a gani ba a yawan fitowar masu zaɓe ko a rabon ƙuri'u. Duk da haka 'yan siyasa sun ɗauki darasin cewa ɓangaren da ya yi amfani da gajeren talla shi ya ci.

Zaɓen 1956

A 1956 'yan takarar biyu suka sake karawa, a lokacin da fiye da kashi 70 cikin ɗari na gidaje ke da talabijin. Sabon salon da ya fito shi ne talla mai minti biyar, wanda ake yankowa daga ƙarshen shahararren shiri maimakon ɗage shirin gaba ɗaya. Kamfanonin BBDO da Young & Rubicam ne suka yi wa 'yan Republican aiki, ɗan wasan fim Robert Montgomery kuma yana ba Eisenhower shawara kan fitowarsa a talabijin. 'Yan Democrat sun sha wahalar samun babban kamfanin da zai karɓe su, domin manyan abokan cinikin kamfanonin sun fi karkata ga Republican; a ƙarshe kamfanin Norman, Craig & Kummel ya karɓi aikin.

A jawabinsa na karɓar takara, Stevenson ya ce tallata masu neman manyan muƙamai kamar abincin karin kumallo shi ne babban wulaƙanci ga dimokuraɗiyya. Duk da haka a wannan karon ya fito a jerin tallan "The Man from Libertyville", inda aka nuna shi a gonarsa da cikin iyalinsa. Wani jerin kuma, "How's That Again, General?", ya ɗauko alkawuran da Eisenhower ya yi a tallansa na 1952, sannan Sanata Estes Kefauver, mataimakin Stevenson a takara, ya bi su da suka. Wannan na cikin misalan farko na amfani da hoto da muryar abokin hamayya domin kai masa hari. Kasancewar Eisenhower ya yi fama da bugun zuciya a Satumba 1955, wasu tallace-tallacen sun tunatar da masu zaɓe cewa Nixon ne zai gaje shi. Eisenhower ya sake cin zaɓe da ƙuri'un wakilai 457, Stevenson na da 73.

Zaɓen 1960

Abin da aka fi tunawa a zaɓen 1960 shi ne muhawarori huɗu da John F. Kennedy da Richard Nixon suka yi a talabijin, wanda na farkonsu ya gudana a Chicago ranar 26 ga Satumba. Majalisar dokoki ta dakatar da aiki da sashe na 315 na ɗan lokaci domin a iya yin su ba tare da an gayyaci 'yan ƙananan jam'iyyu ba. Muhawarorin ba talla ba ne, amma ɓangaren Kennedy ya yanko sassa daga cikinsu ya mayar da su talla. Haka ya yi da jawabin da Kennedy ya gabatar ga limaman Furotesta a Houston ranar 12 ga Satumba kan batun kasancewarsa ɗan Katolika.

Tallan Kennedy ya kuma nufi rukunoni daban-daban na jama'a: matarsa Jacqueline ta yi magana da harshen Sifaniyanci, mawaƙi Harry Belafonte kuma ya yi kira ga baƙaƙen fata. Wani tallan ya nuna taron manema labarai na 24 ga Agusta 1960, inda aka nemi Eisenhower ya ambaci wata babbar shawara ta Nixon da ya yi aiki da ita, ya ce in aka ba shi mako ɗaya wataƙila ya tuna da guda. Nixon ya fi son zama a ofis yana fuskantar kyamara yana magana kai tsaye. Kennedy ya ci da ƙuri'un wakilai 303, Nixon na da 219, amma tazarar ƙuri'un jama'a ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Zaɓen 1964 da tallan "Daisy"

A 1964 Shugaba Lyndon B. Johnson ya ɗauki kamfanin Doyle Dane Bernbach, wanda ya yi suna da tallan motar Volkswagen. Abokin takararsa, Sanata Barry Goldwater, ya ƙi amincewa da yarjejeniyar taƙaita gwajin makaman nukiliya ta 1963, ya kuma yi kalaman da suka sa ake ganin ba ya shakkar amfani da makaman. Shekara biyu kacal kafin nan duniya ta kusa faɗawa yaƙin nukiliya saboda rikicin makamai masu linzami na Kyuba.

A daren 7 ga Satumba 1964, ana tsakiyar nuna wani fim a tashar NBC, aka saka talla mai minti ɗaya da aka shirya tare da masanin haɗa sauti Tony Schwartz. Wata ƙaramar yarinya na tsinkar ganyen fure tana ƙirgawa, sai muryar wani namiji ta karɓa tana ƙirge daga sama zuwa ƙasa, kyamara ta shige cikin ƙwayar idon yarinyar, bam ɗin nukiliya ya fashe. Daga nan aka ji muryar Johnson, aka rufe da kira a zaɓe shi ranar 3 ga Nuwamba. Ba a ambaci sunan Goldwater ba ko sau ɗaya. Sau ɗaya aka biya kuɗin nuna tallan, amma bayan ƙorafin 'yan Republican shirye-shiryen labarai suka yi ta maimaita shi kyauta. Schwartz ya bayyana daga baya cewa talla mai ƙarfi yana taɓo abin da ke zuciyar mai kallo ne tun asali.

A ɓangaren Goldwater, shirin da ya fi tasiri shi ne jawabin rabin sa'a na ɗan wasan fim Ronald Reagan, "A Time for Choosing", wanda aka nuna ranar 27 ga Oktoba. Jawabin bai ceci Goldwater ba, amma ya buɗe wa Reagan ƙofar siyasa, har ya zama gwamnan California bayan zaɓen 1966. Johnson ya ci da ƙuri'un wakilai 486, Goldwater na da 52.

Suka da kariya

Masu suka sun kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, daƙiƙa 20 ko 60 ba sa isa a bayyana manufa, don haka talla yana fifita kamanni da motsa zuciya a kan hujja. Na biyu, ana iya shirya abin da bai faru ba a nuna shi kamar gaske, kamar yadda masu tambayar Eisenhower ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Na uku, tsadar lokacin talabijin tana tilasta wa ɗan takara dogaro da masu hannu da shuni. Littafin Vance Packard, The Hidden Persuaders, na 1957, da na Joe McGinniss, The Selling of the President 1968, sun yaɗa irin wannan suka.

Masu kare salon sun ce gajeren talla yana isa ga talakan da ba ya zuwa gangami ko karanta dogon sharhin jarida, kuma taƙaitattun take da waƙoƙin siyasa sun girmi talabijin nesa ba kusa ba. Batun kuɗi ne ya kai ga gyaran doka: Dokar Yaƙin Neman Zaɓen Tarayya ta 1971 ta wajabta wa tashoshi sayar wa 'yan takara lokaci a kan mafi ƙarancin farashinsu idan zaɓe ya ƙarato.

Kwatanci da Birtaniya

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. A zaɓen 1951 BBC ta fara ba manyan jam'iyyu lokaci kyauta a talabijin domin su gabatar da saƙonsu, kamar yadda take yi a rediyo tun 1924. Da aka kafa talabijin ta 'yan kasuwa, Dokar Talabijin ta 1954 ta haramta tallan siyasa na kuɗi, kuma Dokar Sadarwa ta 2003 ta ci gaba da haramcin. Bambancin tsarin biyu, wato sayen lokaci da rabon lokaci kyauta, shi ne ginshiƙin muhawarar da ƙasashe da dama suka yi wajen tsara dokokin zaɓensu.

Adana tallace-tallacen

Gidan tarihi na Museum of the Moving Image da ke New York yana da taskar intanet mai suna The Living Room Candidate, wadda ta ƙunshi tallan zaɓen shugaban ƙasa tun daga 1952. Jami'ar Oklahoma kuma tana riƙe da tarin Julian P. Kanter, ɗaya daga cikin mafi girman tarin tallan siyasa na rediyo da talabijin a Amurka.